Sawun da Ya Bi Ta Bayan Diwani

Ana idar da sallar Juma'a, mutanen garin Umm Ratam ba su ko gama laluben takalmansu a ƙofar masallaci ba, sai ga ihun Mazin daga bakin titi. An ɓalle ƙofar ɗakin ajiyar da ke bayan shagonsa, an yi gaba da kwali guda na ruwan sigarin lantarki.

Da a bara ne, ba wanda zai bar abincin ranarsa ya huce saboda wannan. Amma tun da gwamnati ta ɗora wa kayan haraji, 'yar kwalbar da kowa ke iya saye ta koma sai mai albashi mai kauri. Mazan da suka saki taba, har suna damun sauran da wa'azi, suka riƙa komawa gare ta ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye kamar masu zuwa biko. Mazin kuwa ya tara tsohon kaya a ɗakin baya yana sayarwa a sabon farashi, ya kuma bar ƙofar langa-langa da sakata irin wadda akuya ma za ta iya turewa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, amma ranar ba wanda ya gaya masa haka.

Wani mai hankali ya kifa faranti a kan sawun da ke bakin ƙofar. Shehu Za'al, babban dangi, ya hana a kira 'yan sanda, ya ce a ba shi zuwa azahar ɗin gobe. Sannan ya aika a kira Abu Hayil.

Sunansa na yanka Mufadi. Ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawu wa dakarun sahara, ya tsufa yana bin na raƙuman da suka ɓata, kuma ba a taɓa kama bakinsa da ƙarya ba. Ya iso a hankali, yana tsayawa yana tari, sigari a gefen baki. Shi ma yana cikin masu bikon. Likita ya taɓa gaya masa huhunsa ya gaji, ya koma zuƙar na lantarki mai ƙanshin na'a-na'a har tarin ya lafa. Da haraji ya zo, fansho ya kasa, sai ya koma gidan jiya.

Ya tsuguna ya ɗaga farantin. Takalmin soja ne babba, an yi wa dugadugin hagu faci da guntun taya.

"Me aka ɗauka takamaimai?"

"Kwali ɗaya, na na'a-na'a," in ji Mazin. "Ga na tuffa, ga na mangwaro, ga na'urorin kansu, bai taɓa ba. Ɓarawo mai zaɓe, wallahi, kamar ya zo sayen kankana."

"Facin nan ai ba baƙo ba ne," wani ya faɗa daga baya. "Wa bai san takalmin Daifallah ba?"

Idanu suka koma kan Abu Hayil. Daifallah mijin 'yarsa Nofa ne. Shekarun baya, da aka kama hanyar masu fasa-ƙwaurin taba a bayan duwatsu, Abu Hayil ne ya bi sawu har ƙofar surukinsa, ya kuma faɗi abin da ya gani a gaban alƙali. Daifallah ya yi zaman kurkuku ya fito. Nofa kuwa, tun ranar hukuncin ba ta sake taka gidan ubanta ba, ko a rasuwar mahaifiyarta a gidan gwaggonta ta karɓi gaisuwa.

Gari ɗaya suke, amma a ƙasa kawai yake ganinta. Kowace safiya yakan bi hanyar gidan burodi yana karanta silifas ɗinta, da ƙafar hagun nan mai ɗan karkata ciki. A rairayi ya san tana da ciki, a rairayi ya ga ranar da wani ƙaramin sawu ya fara bin gefen nata. Kuma kowace yamma yakan share ƙofar gidansa da reshen dabino ya daidaita ƙasar, ko Allah zai sa da safe ya ga ta zo ko da ta tsaya ta juya ne. Sawun kaji da na kyanwar maƙwabta kawai yake samu. Kewarta ta zame masa ciwo na biyu, kuma wannan ba likitan da ya rubuta masa magani.

Yanzu ga takalmin mijinta a ƙarƙashin faranti. Ya san in ya sake ambaton sunan nan, ya yi bankwana da Nofa ke nan har kabari.

Ya bi sawun zuwa kwalta, a nan ya ɓace masa.

"Rana na tsaka, ƙasa ba ta magana," ya ce. "Sai inuwa ta kwanta a cikin sawu. Ku ba ni sunayen waɗanda ba a gani a masallaci ba."

Mutum uku ne.

*

Na farko Abu Talal mai sayar da taba, wanda kasuwarsa ta mutu bara ta kuma tashi bana. Ya tarbi Abu Hayil da dariya, ya miƙa masa kara ɗaya kyauta.

"Ni? In saci ruwan turaren yara? Abu Hayil, ka ji tsoron Allah. Wanda ya ƙirƙiro harajin nan, kullum sai na sa shi a addu'a. Ya dawo mini da 'ya'yana gida, har da kai."

"Ina ka yi Juma'a?"

"A ƙauyen surukaina, na ci shinkafa da rago har na kasa ruku'u. Ka tambaye su. Kuma dubi ƙafata, takalmin soja zai shiga wannan kumburin?"

Ba zai shiga ba. Abu Hayil ya karɓi karan ya wuce.

Na biyu Sabri, Bamisiren da ke gasa burodi, Kirista ne, don haka ba ya cikin sahu. Matasa sun riga sun fara taruwa a ƙofarsa, don baƙo ya fi kowa sauƙin zargi. Mutumin ya leƙo, garin alkama har gira.

"Baba Alhaji, na rantse da abin da nake bauta wa, fuskata na cikin tanda. Juma'a ce, kowa zai fito ya ce burodi. In na matsa taku biyu ya ƙone."

Abu Hayil ya dubi ƙasan ɗakin. Garin alkama ya lulluɓe ko'ina, kuma sawun Sabri bai wuce tsakanin kwano da bakin wuta ba. Ya juya ya kori matasan, ya ce duk wanda ya rasa aikin yi ya je ya taya uwarsa wanke-wanke.

Daura da lungun shagon, Hajja Falha na zaune a dakalinta kamar kullum, tana tsince ƙananan waken nan, lentil. Ba abin da ke wucewa a layin nan ba ta sa masa suna ba.

"Hajja, lokacin huɗuba kin ga wani ya bi ta nan?"

"Ko ƙuda."

"Ba kowa?"

"Na ce maka ba kowa, Mufadi, ko kunnen ma ya bi huhun? Sai dai mata da ke kai da kawo da kayansu a ka." Ta ɗago ta harare shi. "Kai kuma ka cire abin nan daga bakinka. Tarinka har ɗakina yake tashina da asuba."

Ya yi mata godiya ya tafi, bai ɗauki komai daga maganarta ba.

*

Ya daɗe a tsaye a ƙofar gida na uku kafin ya yi sallama. Ga takalman nan a bakin ƙofa, faci da komai, ko ɓoye su ba a yi ba. Daifallah ya fito yana murza ido, yanzu babbar mota yake ja zuwa birnin Aƙaba.

"Sannu da zuwa, Baffa. Ka zo da ankwa ko sai gobe?"

"Ina kake lokacin salla?"

"Ina barci. Na kwana a hanya. Allah ya yafe mini, amma na san kai ba ka yafiya."

"Wa zai shaide ka?"

"Matashin kaina." Ya yi murmushi mai ɗaci. "Na ji abin da ake faɗa. Wanda ya taɓa faɗawa rijiya, ko ruwan sama ne ya jiƙa shi cewa za a yi ya koma. Je ka gaya musu, ai bakinka ba ya ƙarya."

A bayan labule ana juya shayi, cokali na bugun kofi. Abu Hayil ya san hannun. Ya so ya ce, Nofa, ni ne, fito in ga ko kin rame. Abin da ya fito sai tari, mai tsawo, har ya dafa bango. Cokalin ya tsaya cak. Ya jira, yana kallon ƙasan labulen inda yatsun ƙafa suka ɗan leƙo. Labulen bai motsa ba.

Ya koma gida ya share ƙofarsa kamar yadda ya saba, duk da ya san wataƙila wannan ce shara ta ƙarshe da ke da wani amfani.

*

Washegari, tun hantsi bai ɗaga ba, hasken na kwance a ƙasa, ya koma bakin kwalta ya yi ta zagaye har ya tsinci sawun a ɗaya gefen. Taku gajere, mai nauyi. Jiya ya ɗora gajartar a kan kaya da kuma gwiwar Daifallah da ke ciwo. Sawun ya miƙe ya nufi filin diwani, babban zauren da mazan dangi ke zama su sha gahawa su yanke magana. Hanya ta miƙe ta gaban ƙofarsa, fili fetal, kuma a lokacin satar ba kowa a ciki, duk suna masallaci.

Amma kafin ya kai ƙofar, sawun ya karkata. Ya bar hanya mai kyau ya shiga matsattsen lungun baya, inda tankin ruwa da ƙaya suke.

Abu Hayil ya tsaya. Ba namijin Umm Ratam da ya taɓa bin lungun nan. Namiji ta gaba yake wucewa, ya ɗaga murya ya yi sallama ko da tabarmi kaɗai ne a ciki. Mace ce ba ta gifta ƙofar diwani. Tun tana riƙe da zanen uwarta ake jan ta ta baya, har ƙafar ta haddace, ko da mutane ko babu, ko tana sauri, ko da kayan sata a kanta.

Sai ga muryar Hajja Falha a kunnensa: ba kowa, sai mata. Doguwar riga ta rufe takalmi, mayafi ya rufe kwali, wa zai duba?

Ya tsuguna ya sake kallo da sabon ido. Gaban takalmin bai nutse ba, don yatsun ba su kai can ba. Na hagu kuma, duk girmansa, yana ɗan karkata ciki.

Ya zauna a kan dutse. Bayan lungun sawun ya hau kan tsakuwa, daga dutse zuwa dutse, daidai yadda ya koya wa wata yarinya mai kitso biyu da ke binsa kiwo tana cewa, Baba, yau ba za ka same ni ba. Bai buƙaci ƙasa ta ƙara gaya masa komai ba, amma ya bi, yana haki, har duwatsun suka kawo shi bayan katangar gidansa, inda ta rushe ta wajen garken awaki.

A tsakar gida akwai tsohuwar tandar matarsa, wadda ba a hura ba tun rasuwarta. Nan Nofa ke ɓoye alewarta tana ƙarama. Ya janye murfin. Ga kwalin. A kansa an ɗora ƙullin hankici, ya kwance, sai ga guntayen sigari cike da shi, kowanne da tabon haƙori a gindi yadda shi kaɗai ke cizawa.

Ashe duk safiyar da yake karanta ta a hanyar gidan burodi, ita ma tana karanta shi. Ta ga ranar da guntun farko ya faɗi, ta ga inda yake tsayawa ya dafa bango. Ba ta da abin saye, mace ba ta shiga shagon Mazin, kuma ba za ta roƙi Daifallah ya saya wa wanda ya ɗaure shi ba. Ta zari takalmin da ke bakin ƙofa don ta ɓoye ƙafarta daga gari, tana ganin irinsa na gidan kowane tsohon soja, ta manta da facin. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai wannan gudun ya jawo wa mijinta ruwa.

Mufadi ya rungume hankicin ya yi kuka, irin wanda bai yi ba ko a kan kabarin matarsa. Awaki suka taru suna kallonsa.

*

Kafin azahar diwani ya cika har waje. An daidaita rairayin filin kamar yadda ake yi, aka sa mutum ukun suka taka ɗaya bayan ɗaya: Abu Talal yana wasa da jama'a, Sabri yana salati irin nasu, Daifallah cikin takalmansa. Abu Hayil ya duba, ya koma ciki ya zauna, buhu a gefensa.

Bai buɗe baki ba Daifallah ya miƙe. Idonsa ja, da gani bai runtsa ba, kuma da gani an yi magana a gidansa.

"Shehu, kada a wahalar da tsoho. Ni na ɗauka. A kira motar 'yan sanda."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Mazin ya fara cewa ai dama ya faɗa. Abu Hayil ya dubi surukinsa, mutumin da ya daɗe yana ganin bai cancanci 'yarsa ba, ya ji kunya ta kama shi.

"Zauna, ɗana," ya ce. "Ƙarya ba ta karɓe ka ba. Takalminka ne, amma ba ƙafarka ba ce. Ba kuma ta Abu Talal ba ce, ba ta Sabri ba."

Mai zuba gahawa ya miƙo masa ɗan kofi. Ya karɓa, bai kai baki ba, ya ajiye shi a ƙasa a gaban Shehu. Nan take surutu ya mutu, don kowa ya san baƙon da ya ajiye kofi da buƙata ya zo, ba zai sha ba sai an biya masa.

"Faɗi, Abu Hayil," in ji Shehu Za'al.

Ya buɗe buhun ya turo kwalin tsakiya. "Ga kayanka, Mazin. A gidana sawun ya ƙare, a gidana na same su. Wanda ya ɗauka jinina ne, domina ya ɗauka, don ya ga taba na kashe ni. Laifin a wuyana yake. Ƙofarka ni zan gyara, tarar da Shehu ya yanka ni zan biya, ko da awakina ne. Abin da nake roƙo, maganar ta mutu a ɗakin nan."

"Jininka wa?" Mazin ya zabura. "Ɗanka Hayil na can Kuwait. A faɗi suna mana!"

Ba wanda ya taya shi. Dattawa suka sunkuyar da kai suna jan carbi. Kowa ya san jini nawa Mufadi ke da shi a garin, kowa kuma ya san akwai sunayen da ba a ambata a diwani.

"Mazin," Shehu ya ce a hankali, "kayanka sun dawo?"

"Sun dawo, amma..."

"To gahawar mutum na hucewa a ɗakina, kuma kai ake jira."

Mazin ya dubi hagu ya dubi dama, bai ga fuskar da ke tare da shi ba. "Sha gahawarka, Abu Hayil." Sannan ya tura kwalin da ƙafa. "Ka riƙe wannan a tsohon farashi. Ka biya in ka samu."

"Shi ke nan, an yi mini fashi da rana tsaka," in ji Abu Talal. "An sace wa Mazin kwali, ni an sace mini mai saye."

Aka yi dariya, Abu Hayil ya ɗaga kofin ya sha. A bakin ƙofa Daifallah ya tsaya kamar zai yi magana, sai kawai ya sumbaci kan tsohon ya wuce.

*

Ranar bai ga kowa ba. Ya zauna yana juya abin a ransa: ya kuɓutar da mijinta, amma ya nuna ta da yatsa a gaban maza ko da bai kira suna ba. Wataƙila wannan ma ba za ta yafe ba. Da yamma ya ɗauki reshen dabino ya share ƙofa.

Washegari ya dawo daga sallar asuba, gari ya fara haske, ya tsaya nesa kaɗan kamar kullum ya duba ƙasa. Ga na kyanwa. Ga na kaji. A tsakiyarsu kuma ga silifas, na hagu ya karkata ciki, da wani ƙarami a gefensa yana tsalle-tsalle. Ya bi su da ido har bakin ƙofa. Sun shiga. Ya nemi na fitowa, ya sake nema, babu.

Hayaƙi na tashi daga tsakar gida, ta wajen tsohuwar tanda, da ƙanshin burodi.

Ya lallaɓa ta gefen bango don kada ya taka, ya ɗauko kwanon ruwan kaji ya zubar, ya dawo ya kifa shi a hankali a kan sawun hagun.

"Baba," aka ce daga ciki, "za ka shigo, ko sai ka gama binciken?"